Farfelar Tsohuwar Mota: Yadda Ake Ɗaura Ta da Yadda Ake Auna Sararin Bakinta

Gabatarwa

Wataƙila mai karatu ya yi mamakin ganin batun gyaran mota a mujallar ɗaliban Hausa, inda aka saba ganin nazarin waƙa da karin magana da al'adun aure. Dalilina shi ne, harshe ba a aji kaɗai yake rayuwa ba. Yana nan a kasuwa da tasha da gareji, kuma idan har Hausa za ta iya bayyana yadda ake rini a Ƙofar Mata, to ya kamata ta iya bayyana yadda ƙarfin inji yake isa ga taya.

Lokacin yajin aikin malaman jami'o'i na shekarar 2022, wanda ya ɗauki wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, zaman gida ya ishe ni, sai na riƙa bin wani maƙwabcinmu bakanike zuwa garejinsa da ke unguwar kanikawa ta Apo a Abuja. A can ne motar kawuna ta koya mini darasin da nake son in raba da 'yan uwana ɗalibai a wannan maƙala, wato yadda ake ɗaura farfela, da kuma wani ɗan awo da bai fi kaurin babban yatsa ba, wanda rashin kula da shi kan jawo asarar giyabos, wani lokaci ma har da rai.

Motar Kawu

Motar Datsun 120Y ce, irin wadda kamfanin Nissan na Japan ya fara ƙerawa a shekarar 1973, mai ɗan ƙaramin inji na cc 1171. Kawu ya gaje ta ne daga kakanmu, kuma da ita ya taso daga Legas lokacin da aka dawo da ma'aikata Abuja, bayan mayar da mazaunin gwamnati a ranar 12 ga Disamba, 1991. An sha taya ta yana ƙi. Da ita yake kai iyalinsa gida duk sallah.

Giyabos ɗinta na asali ya gaji, sai aka samo wani na hannu aka sa mata. Ba a yi wata biyu ba Kawu ya fara ƙorafi. Ya ce duk lokacin da ya tsallake tudun rage gudu, sai ya ji wani “ƙum” a ƙarƙashin kujerarsa kamar an buga guduma. Ga kuma man giya yana ɗiga a inda take kwana. Da muka kai ta Apo, Oga ya leƙa ƙarƙashinta sau ɗaya, ya miƙe ya ce, “Alhaji, wanda ya sa maka giyabos ɗin nan bai auna farfela ba.” Kawu ya ce, “To ai ta shiga, kuma tana tafiya.” Oga ya yi dariya ya ce, “Takalmin da ya matse ka ma ai ya shiga, Alhaji.”

Mece Ce Farfela?

A yawancin tsofaffin motoci injin yana gaba, tayoyin da ke tura motar kuma suna baya. Ƙarfin inji yana bi ta kuloci ya shiga giyabos, daga nan sai a buƙaci abin da zai ɗauke shi zuwa aksul na baya. Wannan abu shi ne farfela: dogon bututun ƙarfe da ke kwance a ƙarƙashin mota yana juyawa. Motocin farko da sarƙa ko bel suke amfani, kamar keke. Louis Renault na Faransa yana cikin waɗanda suka fara sa sandar ƙarfe a madadin sarƙa, a motar da ya ƙera a 1898.

Kada mai karatu ya raina gudun wannan bututu. A giya ta huɗu a irin motar Kawu, duk juyi ɗaya na inji juyi ɗaya ne na farfela. Idan inji yana juyi 3000 a minti ɗaya, farfela tana juyi 50 ke nan a daƙiƙa ɗaya, a ƙarƙashin ƙafafun fasinjoji. Shi ya sa ƙaramin kuskure a wajenta yake zama babba.

Yawancin ƙananan motocin da ke yawo a titunan Abuja a yau, irin su Corolla da Camry da Golf, da tayoyin gaba suke ja, don haka ba su da doguwar farfela. Amma Hilux da bas ɗin Hiace da manyan motoci duk suna da ita. Haka kuma ba kowace tsohuwar mota ce take da tsari irin na Datsun ba. Peugeot 504, wadda aka daɗe ana harhaɗawa a Kaduna bayan da kamfanin Peugeot ya fara aiki a can a 1975, farfelarta tana ɓoye ne a cikin wani bututu. Tsofaffin Marsandi kuma suna da faifan roba a bakin farfela da boris a tsakiya. Bayanina ya fi shafar masu irin tsarin Datsun, wato waɗanda bakin farfelarsu ke zurawa kai tsaye cikin wutsiyar giyabos.

Matsaloli Biyu da Farfela Ke Warwarewa

Giyabos yana ɗaure a jikin mota, aksul kuwa yana kan sifirin, yana hawa yana sauka duk lokacin da taya ta faɗa rami ko aka ɗora kaya. Wannan yana haifar da matsala biyu.

Ta farko ita ce ta kusurwa. Giyabos da aksul ba sa kan layi ɗaya, kuma karkatar da ke tsakaninsu tana canzawa a kowane lokaci. Maganin wannan shi ne gaɓar da kanikawa ke kira kuros, ɗaya a kowane ƙarshen farfela. Ƙarfe ne mai hannu huɗu kamar alamar tarawa a lissafi, kowane hannu yana da hula, a cikin hular akwai ƙananan allurai da ke birgima a cikin giris. A Turai ana danganta wannan gaɓa da Gerolamo Cardano na Italiya (1501 zuwa 1576) da Robert Hooke na Ingila (1635 zuwa 1703). Clarence Spicer na Amurka ne ya fara ƙera ta domin motoci a matsayin sana'a, daga 1904.

Kuros yana da wani hali da ya kamata a sani. Idan yana aiki a karkace, ba ya isar da juyi daidai wa daida: a kowane zagaye ɗaya, sau biyu yake ƙara sauri, sau biyu yake ragewa. Dabarar maƙera ita ce a sa kuros biyu ta yadda na baya zai warware abin da na gaba ya ƙulla. Hakan ba ya yiwuwa sai idan kunnuwan ƙarfen da ke riƙe da su a ƙarshen bututun biyu suna kan layi ɗaya, kuma kusurwar gaba da ta baya sun yi kusan daidai. Idan aka yanke farfela aka yi mata walda a karkace, mota za ta riƙa karkarwa ko da komai nata sabo ne.

Matsala ta biyu ita ce ta tsawo. Idan aksul ya motsa, nisan da ke tsakaninsa da giyabos yana ƙaruwa ko raguwa, bututun ƙarfe kuwa ba ya miƙewa kamar roba. Saboda haka aka yi wa farfela baki mai zamewa. Oga yana kiransa yok, ni kuwa a wannan rubutu zan kira shi bakin zamiya. Gajeren bututu ne mai haƙora a cikinsa, yana shiga ya rungumi sandar da ke fitowa daga giyabos, wadda ita ma take da haƙora a bayanta. Haƙoran suna sa su juya tare, amma ba sa hana bakin zamewa ciki da waje, kamar yadda wuƙa ke shiga kube ta fita. Bayansa sumul yake, domin yana gogar bushin da kuma robar da ke tare man giya.

Sararin da Ake Magana a Kai

Tunda bakin zamiya yana shiga yana fita, dole ya kasance yana da wurin zuwa ta ɓangarorin biyu. Ƙa'idar da masu haɗa farfela suka saba bi ita ce: mota tana tsaye da nauyinta a kan tayoyinta, idan aka tura bakin ciki har ya tokare, to wurin zamansa na aiki ya kasance baya da nan da kimanin kashi uku cikin huɗu na inci zuwa inci ɗaya, wato milimita 19 zuwa 25. Idan akwai littafin gyara na kamfanin motar, abin da ya faɗa shi ne gaba.

Idan farfela ta yi tsawo, sararin ya yi kaɗan. Da zarar aksul ya matso, bakin zai kai ƙarshe ya tokare, sai farfela ta zama turke tsakanin giyabos da aksul. Duk dukan da hanya ta yi sai ya sauka a kan boris na giyabos da na aksul da kuros, har wutsiyar giyabos takan tsage. Wannan shi ne “ƙum” ɗin da Kawu yake ji.

Idan kuma ta yi gajarta, bakin ya fito da yawa, haƙoran da suka kama juna sun yi kaɗan. Sai ya riƙa rawa, ya cinye bushin, ya yaga robar mai, motar ta riƙa karkarwa. Mafi muni shi ne ya zare gaba ɗaya ana cikin gudu. Idan kan farfela na gaba ya faɗo ya caki kwalta, yana iya ɗaga bayan mota ya jefar da ita. Mai karatu ya ɗauki wannan ya ɗora a kan hanyar Abuja zuwa Kaduna, mota cike da yara ana tafiya sallah, zai gane dalilin da ya sa Oga bai ɗauki abin da wasa ba.

A motar Kawu mun lura da wani abu da ya ɗaure mini kai da farko. Na zaci matsewar za ta zo ne idan an danna motar da kaya, ashe sai lokacin da aksul ya sauka ƙasa ne. Oga ya zana mini a ƙasa da ƙusa. Sifirin nata na ganye ne, kansa na gaba a ɗaure yake, na baya yana lilo. Aksul yana zagaya wannan kai na gaba ne a gajeren baka, farfela kuwa tana zagaya wutsiyar giyabos a dogon baka. Idan aksul ya sauka, gajeren bakan yana janyo shi gaba fiye da yadda dogon zai yarda, sai bakin zamiya ya ƙara nutsewa. Shi ya sa ƙarar take zuwa bayan an tsallake tudu, lokacin da bayan motar ya yi sama. A wasu motocin, musamman masu tsayi daga ƙasa, akasin haka ake gani. Don haka ba a yin hasashe, sai an auna.

Yadda Muka Yi Aikin

Da farko Oga ya sa aka hau da motar kan rami, aka sa duwatsu gaba da bayan tayoyi. Ya ja mini kunne cewa da zarar an cire farfela, giya ba ta riƙe mota, ko da an bar ta a ta ɗaya. Wanda ba shi da rami kuma ya ɗaga mota, to ya jingina ta a kan turakun ƙarfe masu ƙwari. Ba a shiga ƙarƙashin motar da ke kan jak kaɗai.

Sai ya miƙo mini alli ya ce, “Ɗan boko, rubutu ne aikinku, ja layi.” Na ja layi ɗaya da ya ratsa faifan ƙarshen farfela da faifan aksul, domin idan za a mayar a haɗa su yadda suke. Muka kwance notuna huɗu na baya. A nan muka fara ganin shaida, domin farfelar ta ƙi matsawa gaba sosai balle ta rabu da faifan aksul cikin sauƙi. Da muka tura ta gaba iya ƙarfinmu, na sa tef tsakanin faifan biyu: milimita 5 kacal. Muka mayar da notunan, muka ɗaga jikin motar har tayoyin baya suka rataya, sai ga bakin ya tokare tun aksul bai gama sauka ba. Ashe giyabos ɗin da aka sa ya ɗan fi na asali tsawon wutsiya, wanda ya sa shi kuma ya ga farfela ta shiga, sai ya ɗaure noti ya sallami mai mota.

Muka zare farfelar bayan mun ajiye kwano a ƙasa, domin man giya yana biyo bakin idan aka cire shi. Oga ya duba abubuwa huɗu, kuma su ne ya kamata kowa ya duba. Ya murɗa kowane kuros da hannu don jin ko yana da wasa ko yana cijewa. Na gaba ya riga ya lalace. Ya shafa bayan bakin zamiya da farce don jin ko robar mai ta yi masa zobe. Ya leƙa haƙoran ciki ko sun karkace. Sannan ya bi jikin bututun yana neman lotsawa, yana duba ƙananan ƙarafan da kamfani ya manna domin daidaita nauyi, ko wani ya ɓalle.

Mun zaga shagunan kayan gyara a Apo da Zuba ba mu sami farfela mai tsawon da muke so ba, kayan irin wannan mota sun yi wuya. Sai aka yanke shawarar rage tamu da milimita 15 a wajen mai injin sassaƙa ƙarfe. Oga ya tsaya a kansa har ya gama. Ya tabbatar an yanke daga ƙarshen bututun, an mayar da kunnuwan a kan layinsu na asali, an kuma juya ta a kan injin an ga ba ta lilo kafin a kammala walda. Ya ce farfelar da aka yi wa walda a ƙasa da ido kawai, ko kyauta aka ba shi ba zai sa wa motar da 'ya'yansa za su shiga ba.

Wajen mayarwa, mun sa sabon kuros da sabuwar robar mai. Kuros yana son haƙuri, domin idan allura ɗaya ta kwanta a gindin hula, hular ba za ta zauna ba, wanda ya matsa da ƙarfi kuma zai fasa ta. Muka goge bakin zamiya tas, muka shafa masa man giya a baya da cikin haƙora, don kada ya shiga a bushe ya ci leɓen sabuwar robar. Na riƙe bayan farfela, Oga ya saita bakin yana ɗan juya shi har haƙora suka sami juna, ya zame ciki da kansa. Ba a sa guduma a nan. Abin da ya ƙi shiga da hannu, akwai dalili.

Sannan muka sake awo, motar tana kan tayoyinta. Muka tura farfela har ta tokare, na ja layi da alli a jikin bakin daidai leɓen robar. Muka janyo ta baya ta haɗu da faifan aksul, na sake jan layi. Tsakanin layukan biyu milimita 20. Muka haɗa alamar da na yi tun farko, muka ɗaure notuna huɗu a gicciye, kaɗan kaɗan, har suka ɗauru daidai. Muka sake ɗaga jikin motar aksul ya rataya har ƙarshe, muka ga akwai sauran sarari kusan milimita 10, farfela kuma tana juyawa da hannu ba tare da cijewa ba. Daga bisani yaran gareji huɗu suka shiga baya, aka ga bakin ya ɗan fito amma mafi yawansa yana ciki. Muka cika man giya, muka fita gwaji a hanyar Apo zuwa Gudu. Kawu da kansa ya nemi tudu ya tsallake, ya saurara, ya ce, “Alhamdu lillahi, ta yi shiru.”

Alamomin da Direba Zai Lura da Su

Ba sai mutum ya zama bakanike zai gane farfelarsa tana neman taimako ba. Ƙarar “ƙwas” lokacin da aka saki kuloci ko aka sa ribas tana nuna wasa a kuros ko a haƙora. Ƙarar “ciki-ciki” da ke bin saurin mota a tafiyar sannu tana nuna kuros ya bushe. Karkarwa a ƙasan mota da ke ƙaruwa da gudu tana iya zama lanƙwasa ko rashin daidaiton nauyi. Mai a ƙarƙashin wutsiyar giyabos kuma yana nuna roba ko bushin. Bugu da ƙari, duk lokacin da aka canza giyabos, ko aksul, ko aka ƙara ganyen sifirin domin ɗaukar kaya kamar yadda direbobin haya suke yi, to a nemi bakanike ya auna sararin bakin farfela a gaban mai mota. Awon ba ya cin minti goma.

Abin da Ɗalibin Hausa Zai Tsinta a Gareji

Zaman da na yi a Apo ya buɗe mini ido kan yadda Hausa take hora baƙin kalmomi. Farfela da giyabos da kuloci da sifirin da boris da salansa duk daga Ingilishi suka fito, amma bakin Bahaushe ya raba baƙaƙen da suka cunkushe da wasali, ya mayar da sautin da ba shi da shi zuwa mafi kusa, har ya ba su jinsi: farfela “ta” lalace, giyabos “ya” gaji. A gefe guda kuma kanikawa suna aron sassan jiki su raɗa wa ƙarfe, shi ya sa ake jin wutsiya da haƙora da kunne da baki da hula. Ga kuma kalmomin kwaikwayon sauti da direba ke bayyana ciwon motarsa da su, waɗanda bakanike ke fassarawa kamar yadda likita ke fassara koken majiyyaci. Wannan fage ne mai faɗi ga mai neman batun kundin digiri. Apo da Zuba a Abuja, Panteka a Kaduna, Ƙofar Ruwa a Kano, duk cike suke da kalmomin da ke jiran mai tattarawa.

Kammalawa

A wannan maƙala an bayyana aikin farfela, da dalilin da ya sa take da kuros biyu da baki mai zamewa, da yadda ake ɗaura ta, da kuma muhimmancin barin sararin milimita 19 zuwa 25 lokacin da mota take kan tayoyinta. Kawu ya biya kuɗin kuros da roba da walda, wanda bai kai ko kusa da kuɗin wani giyabos ba, kuma da babbar sallar shekarar ya kai iyalinsa gida ya dawo da su lafiya. Masu iya magana sun ce rigakafi ya fi magani. Ina fata duk wanda ke da tsohuwar mota a gida zai nemi a leƙa masa ƙarƙashinta kafin tafiya ta gaba. Allah ya tsare mu a hanyoyinmu, amin.